Wata huɗu ina yi wa kwastoma gyaran websayit, har yau babu cikon kuɗi: amsa ga wani ƙanina

Wani ƙanina ne ya turo min tambaya, doguwa ce amma ga taƙaitawarta. Ya ce ya yi wajen wata bakwai yana koyon haɗa websayit da kansa a YouTube, ya iya HTML da CSS, JavaScript kuma kame-kame (duk yarukan kodin ne da ake gina shafi da su), sai ya samu aikinsa na farko wajen wani mai makarantar kuɗi a unguwarsu. Sun yi magana da baki a kan shafi biyar, an ba shi wani abu kaɗan na data, yau wata huɗu kenan kullum sai an ce a canza kala, a ƙara hoto, yanzu ma wai a sa wajen da iyaye za su duba sakamakon yara, kuma in ya yi maganar kuɗi sai a ce ai aiki bai ƙare ba. Yana tambaya shin shi ne bai ƙware ba, ya koma ya koyi React (wani kayan aikin JavaScript na gina shafuka) tukunna kafin ya ƙara karɓar aiki, ko kuwa ya haƙura da harkar gaba ɗaya.

Toh ƙanina, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da cire maka wani abu daga rai, wannan matsalar taka ba ta rashin iya kodin ba ce, ko yau ka wayi gari ka haddace React da duk danginsa mutumin nan haka zai yi maka. Abin da ya faru shi ne ka karɓi aikin da ba a yanka masa iyaka ba, kuma aikin da ba shi da iyaka ba ya ƙarewa, tunda ba ya ƙarewa kuwa ranar biya ba za ta taɓa zuwa ba. Ni ma na sha wannan ruwan, ba sau ɗaya ba, shi ya sa nake magana da ƙarfin gwiwa.

Ka duba tela. Ka kai masa yadi biyar ka ce babbar riga da 'yar ciki da wando, ku yi ciniki, ka ba da kafin alƙalami. In ka dawo bayan ya yanka ka ce a'a ni kaftani nake so, ko ka ce a ƙara aiki a wuya, zai ɗago kai ya ce maka Alhaji wannan kuɗinsa daban, kuma ba za ka ji haushi ba don kowa ya san yadi in an yanka an yanka. Mu matsalarmu kwastoma ba ya ganin yadin da muke yankawa. A ganinsa kana zaune ne gaban laftof kana danne-danne, "ai ɗan dannawa ne kawai", wannan kalmar wallahi na ji ta ya fi a ƙirga. Tunda ba ya gani, kai ne za ka nuna masa, kuma tun kafin ka buɗe laftof ɗin.

Nawa labarin, shekarun baya wani bawan Allah mai harkar atamfa da leshi ya kira ni, yana son shafi da za a riƙa ganin kayansa. Muka yi magana a shagonsa ana ta shige da fice, yana amsa waya yana min bayani, ni kuma zumuɗi ya hana ni tsayawa in rubuta komai, ya ce nawa na faɗa, ya taya, na sallama, ko sisi ban karɓa ba don kunya, wai kar ya ga kamar na matsu. Na yi sati uku ina aiki, har da kuɗina na sayi domen (sunan shafin a intanet) da hostin (wajen da ake ajiye shafin). Ranar da na kai masa ya duba a waya ya ce ma sha Allah, bari yaron wajena ya gani. Yaron wajensa ya gani ya ce kalar ta yi duhu. Na canza. Hajiya ta gani ta ce ina hoton shagon. Na je na ɗauka na sa. Sai wani abokinsa da ya dawo daga Dubai ya nuna masa shafin wani babban kanti ya ce ai irin wannan ake yi yanzu, mutum ya zaɓi kaya ya jefa a kwando ya biya da kati. Wannan fa wani aiki ne daban gaba ɗaya, ya ninka na farko sau uku, amma a wajensa duk websayit ne, kuma websayit muka yi ciniki. Da na ce akwai ƙarin kuɗi sai ransa ya ɓaci, ya ce shi bai san ni da haka ba. Ƙarshe rabin kuɗin na samu bayan wata biyar, shi ma sai da na haɗa da wani dattijo maƙwabcinsa a kasuwa. Na daɗe ina jin haushinsa, daga baya da na zauna na yi wa kaina adalci sai na ga mutumin bai yi min ƙarya ba ko sau ɗaya, shi dai bai san abin da ya saya ba, ni kuma ban gaya masa abin da na sayar ba.

Tun daga nan ba na fara aiki sai da rubutu. Kar ka ji an ce yarjejeniya ka ɗauka sai lauya da hatimi, a'a, ga ƙananan ayyuka saƙon WhatsApp ya wadatar in dai ya fito fili kuma ya amsa. Nawa kusan haka yake tafiya: "Salam Alhaji, kamar yadda muka yi magana, aikin shi ne shafi biyar: shafin farko, tarihin makaranta, hotuna, neman gurbi, da adireshi. Rubutu da hotuna daga wajenku za su zo. Kuɗin aiki kaza, za a ba da rabi kafin a fara, rabi ranar da aka gama kafin a ɗora a kan sunan makaranta. Gyara zagaye biyu ne a cikin kuɗin, duk abin da ya wuce haka ko wani sabon abu da ba ya cikin wannan jerin za mu yi cinikinsa daban. Domen da hostin kuɗinsu daban ne kuma duk shekara ake sabuntawa. In ya yi daidai a amsa min da na amince." Sai ya rubuta na amince, ko ya yi boyis ya faɗa da bakinsa, in adana. Wasu dattawan za su ce haba kamar ba ka yarda da ni ba, sai in yi dariya in ce ranka ya daɗe ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ta rubuta bashi ce, Baƙara 282, ni mantuwa gare ni shi ya sa. Ban taɓa ganin wanda ya ja da wannan ba.

Kalmar "zagaye biyu" ɗin nan ka riƙe ta da kyau don ita ce ke ceton rai. Ma'anarta in ka nuna aiki, su zauna su tattara duk gyaransu a jeri ɗaya, na Alhaji da na Hajiya da na yaron wajensa, a turo lokaci guda, ka yi, wannan zagaye ɗaya. Ba wai yau da asuba a turo "ƙara girman logo", da la'asar "mayar da shi yadda yake", sha ɗayan dare a kira ka wai hoton shugaban makaranta bai fito da kyau ba. Kuma ka nemi a ba ka mutum ɗaya wanda maganarsa ce magana. A makarantu da ƙungiyoyi wannan shi ne babban ciwon kai, mai makaranta ya ce kore, hedimasta ya ce shuɗi, sakatare ya ce shi ba a nuna masa ba. Jirgi ɗaya matuƙa uku. Ka ce musu cikin ladabi ku daidaita a tsakaninku, wane ne zai riƙa turo min, shi kaɗai zan saurara.

Kafin alƙalami kuma ba don kuɗin kawai ba ne, awo ne. Wanda ya ƙi ba da rabi a farko, wallahi da wuya ya ba da duka a ƙarshe. Kuma mutumin da kuɗinsa ke ciki shi zai riƙa bin ka da hotuna da rubutu, wanda bai sa komai ba sai ka yi wata kana roƙonsa tarihin makarantarsa. In aikin babba ne ka raba uku, farko da tsakiya da ƙarshe. Sannan abu mafi muhimmanci wanda sababbi ke kuskurewa, kar ka ɗora aikin a kan domen ɗinsa kafin cikon kuɗi ya shigo. Ka gina a wajenka, ko a wani reshen domen naka, ko a hostin ɗin Netlify ko GitHub Pages in shafi ne na HTML zalla tunda kyauta ne, ka ba shi link ya gani ya ƙoshi. Alat ya shigo ka mayar masa kan nasa ka damƙa masa makullai. Tela ma ai yana bari ka gwada rigar a shago amma ba ka fita da ita.

Yanzu ga naka da ya riga ya cakuɗe. Kar ka yi faɗa, kar kuma ka yi abin da zuciya za ta raya maka na kashe shafin cikin dare ko ka rubuta "mai wannan makaranta bai biya ba" a fuskarsa, na san wanda ya yi haka, kuɗin ya samu amma har yau a wannan yankin ba a ba shi aiki, kuma in shafin yana kan hostin ɗin da su suka biya, kana iya jawo wa kanka magana da hukuma a banza. Ka je ka same shi ido da ido, ba ta waya ba, lokacin da ba shi da baƙi. Ka tafi da takarda, gefe ɗaya abin da kuka yi magana a farko, shafi biyar, gefe ɗaya duk abin da aka ƙara daga baya, ka bi hirarku ta WhatsApp ka tsamo su da kwanan wata. Ka ce Malam ga abin da muka yi alkawari kuma an gama shi, ga abin da na ƙara kyauta don mutunci, ina roƙon a rufe wannan babin a ba ni haƙƙina, maganar duba sakamako kuma aiki ne mai zaman kansa zan kawo maka lissafinsa. Daga ranar ka tsaya cak, kar ka ƙara taɓa ko waƙafi sai an biya. Yawancinsu in suka ga abin a rubuce kunya ke kama su. In ya turje ka nemi wanda yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko wanda ya haɗa ku, a wajenmu wannan ya fi takardar lauya saurin aiki. In duk ya ƙi kuma kuɗin ba wani mai yawa ba ne, ka ɗauke shi a matsayin kuɗin makaranta da ka biya, ka sa aikin a cikin abin da kake nuna wa mutane, ka wuce.

Kuma don Allah wannan wajen duba sakamakon kar ka karɓe shi yanzu ko da an ce za a biya. Ba raini ba ne. Shafi biyar na bayani allo ne kawai, amma wajen duba sakamako manhaja ce, akwai rumbun bayanai, akwai shigar malamai da ta iyaye kowa da iyakarsa, akwai lissafin maki da matsayi, ranar da aka saki sakamako iyaye ɗari uku za su shigo lokaci guda a kan hostin mai araha, kuma bayanan yaran mutane ne, sunaye da hotuna da lambobin iyaye. Akwai dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023, ba abin wasa ba ne. Kuskure ɗaya wani uba ya canza lamba a adireshin shafi ya ga sakamakon ɗan maƙwabcinsa, wa za a kira? Kai. In suna so da gaske ka haɗa su da wanda ya taɓa yi, ka karɓi la'adarka, ka zauna kusa da shi ka koya.

Sai maganar koyo, React ko kar React. Ra'ayina, kuma na san wasu abokan sana'a za su ja da ni, shi ne ka fara tambayar kanka wace kasuwa za ka ci. In burinka aiki a kamfani, Legas ko Abuja ko na waje daga gida, to hanyar ita ce JavaScript sosai da sosai, sannan React, da Git (abin adana tarihin canje-canjen kodin), da sanin yadda ake magana da API (hanyar da manhaja ke karɓar bayanai daga wata manhajar), kuma wannan tafiya ce ta shekara ko fiye ba ta wata uku ba, duk wanda ya ce maka wata uku kwas yake son sayar maka. In kuwa burinka ka riƙa yi wa makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa aiki a garinku, to abin da zai ciyar da kai WordPress ne, tsarin da ake gina shafi a kansa ba sai an rubuta kodin daga tushe ba. Tun 2003 yake, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke, ba don ya fi komai kyau ba sai don kwastoma zai iya shiga da kansa ya sa labari ko hoto ba sai ya kira ka ba, wannan kaɗai ya rage maka rabin kiran dare. Masu kodin suna raina shi wai ja-ka-ajiye ne, ka bar su, mai makaranta bai taɓa tambayata da me na gina ba, tambayarsa ɗaya ce, me ya sa ba ya buɗewa a wayata.

Amma fa kar ka yi tsalle ka bar tushe. Wanda ya iya Elementor kawai, wato kayan ja-ka-ajiye na WordPress, bai san CSS ba, ranar da wani abu ya goce a waya sai ya zauna yana kallo kamar an kashe wa makaho fitila, ba abin da ya canza masa don dama ba gani yake ba. Ka zauna da flexbox da grid, dabarun jera abubuwa na CSS, har sai ka iya tsara shafi ba tare da kallon bidiyo ba, ka saba da danna F12 a Chrome kana leƙa cikin shafukan mutane, ka gama JavaScript na asali, sannan ɗan PHP don WordPress da shi aka gina shi. Wajen koyo ba sai ka biya ko kwabo ba, freeCodeCamp yana nan, The Odin Project yana nan in kana son wanda zai wahalar da kai da gaske, MDN kuma shi ne ƙamus ɗin da har yau nake buɗewa. Ka zaɓi ɗaya ka bi shi har ƙarshe. Ciwon da ke kashe masu koyo shi ne tara bidiyo, wannan ya yi awa biyu a wannan, gobe ya koma wancan, yana bin malami yana kwafa yana jin ya iya, ka ba shi farin shafi ka ce bismilla sai zufa. Maganinsa ka rufe bidiyon ka gina abu na gaske, shafin Islamiyyarku, na shagon yayarka mai turaren wuta, na ƙungiyar tsofaffin ɗalibanku. Uku irin waɗannan masu rai a intanet sun fi satifiket goma. Su ChatGPT ma ka yi amfani da su, ni ma ina yi, amma ka riƙa sa su yi maka bayanin abin da suka rubuta layi-layi, don ranar da shafin kwastoma ya faɗi ba za ka ce masa ba ni na rubuta ba.

Wani abu da bidiyon Turawa ba za su koya maka ba shi ne wa zai buɗe shafin nan. Kai kana dubawa a laftof mai faɗin fuska, su kuma masu ziyara suna kan Tecno da Itel da Infinix, netwok yana zuwa yana ɗaukewa, data ana lallaɓa ta. Ka ɗauki hoto daga kyamara mai nauyin megabayit biyar ka jefa guda goma a shafin farko, ka kashe shi ke nan, ba wanda zai jira. Ka rage girman hotuna ka matse su, ka mayar da su WebP, nau'in hoto mara nauyi, ka rabu da abubuwan nan masu yawo da walƙiya, kuma kafin ka kai aiki ka ari ƙaramar wayar ƙanwarka ka gwada da datar waya ba wayfay ba. In shafin da Hausa ne ka gwada font ɗin, wato salon haruffan, da kalmomi irin su ƙofa, ɗaki, ɓera, don da yawa daga masu kyan nan ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai ka ga ƙ ta fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma ko ɗan akwati ya tsaya a wajenta. Na taɓa kai aikin wata ƙungiya, a gaban shugabanninsu aka haska a bango, sunan ƙungiyar da kansa ya fito da akwati a farko, ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Font ɗin Noto Sans yana ɗauke da su duka, daga nan na koyi gwadawa tun a ranar farko. Sannan maɓallin WhatsApp, mutanenmu ba sa cike fom su jira imel, so suke su danna su yi magana da mutum. Wani lokacin ma gaskiya ɗan kasuwa ba websayit yake buƙata ba, katalog na WhatsApp Business da rajista a taswirar Google sun ishe shi, in ka gaya masa gaskiya ka rasa aikin yau amma shi zai turo maka mutum uku.

Kar ka taɓa sa tem (rigar shafin WordPress) ko fulogin (ƙarin kayan aikin da ake maƙala masa) na sata, waɗanda ake rabawa kyauta a Telegram alhali na kuɗi ne. Da yawansu an cusa musu ƙofar baya, bayan wata biyu sai ka ga shafin makarantar Islamiyya yana tura mutane wajen caca, ka je ka yi wa mai makaranta bayani in gani. Ga kuma haƙƙin masu shi.

Domen, wannan wajen ana zalunci ta ɓangare biyu. Ka yi rajistarsa da sunan kwastoma da imel ɗinsa, ba naka ba, dukiyarsa ce. Sau da yawa ana kawo min aikin da wanda ya yi na farko ya ɓace, ya canza layi ko ya bar gari, domen yana cikin akawun ɗinsa, shekara ta zagayo ya mutu, sunan da aka buga a allo da rasit da jikin mota ya tafi. Kar ka zama wannan mutumin. Kuma ka bayyana musu tun farko haya ce ba saye ba, duk shekara ake biya, don da yawa suna ɗauka an biya sau ɗaya shi ke nan, in ka zo bayan shekara sai a ga kamar damfara ka zo yi. Ni ina ba da shawarar .com.ng ko .ng ga mai harkar cikin gida, NiRA ce ke kula da su kuma da naira ake biya, makarantun firamare da sakandare ma akwai .sch.ng. Dalilina ba kishin ƙasa kawai ba ne, duk wanda ya yi wa kwastoma alkawarin farashin sabuntawa da naira a kan hostin na dala kafin Yunin 2023 ya ji a jikinsa, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin a ankara a farkon 2024 ta haura 1,500. Ni da kaina na cika wa mutum biyu daga aljihuna don na riga na faɗi farashi. Yanzu duk abin da ake biya da dala ina rubuta cewa farashin ranar sabuntawa ne. Makullin tsaro na SSL kuma Let's Encrypt na bayarwa kyauta, yawancin masu hostin sun haɗa shi a ciki, kar ka bari a sayar maka, kai ma kar ka sayar wa wani a matsayin wani abin kirki.

Farashi ba zan yanka maka lamba ba don abin da na faɗa yau wata shida ya zama labari, amma ga yadda nake yi. In ƙiyasta kwana nawa aikin zai ci, in ninka biyu don kullum sai ya ninka, in sa abin da nake son samu a rana, in ƙara data da man janareta ko cajin da nake biya, da zirga-zirga. Kuma in bar wajen ragi, don Bahaushe in bai taya an rage masa ba gani yake an cuce shi ko da kyauta ka ba shi. In ya ce kuɗin ya yi yawa kar ka rage kuɗi kawai, ka rage aiki, "to a wannan kuɗin shafi uku za a samu", da haka yake gane cewa kowane abu da nauyinsa. Masu cewa yi min wannan da sauƙi akwai manyan ayyuka a gaba, shekara da shekaru ina jiran manyan ayyukan nan ban gansu ba. 'Yan'uwa da abokai kuwa ko dai ka yi kyauta ka san sadaka ka yi, da iyakarta a faɗe, ko ka karɓi cikakken kuɗi, tsaka-tsakin nan shi ke ɓata zumunci.

Inda kuɗin yake na gaske, wanda ban gane ba sai da na daɗe, shi ne kulawa bayan an gama. WordPress yana son sabuntawa, yana son a riƙa ajiye kwafi, fom yana daina aiki, wani ya manta fasuwod. Ka ba da wata ɗaya kyauta bayan miƙa aiki, daga nan wanda yake so ya riƙa biyan wani abu duk wata ko duk shekara. Mutum goma irin haka sun fi maka sabon kwastoma da za ka yi ta bi. In harka ta fara tafiya ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ka buɗe akawun da sunan, ƙungiyoyi da ma'aikatu ba sa son tura kuɗi akawun ɗin mutum, kuma ranar da za ka haɗa wa wani biyan kuɗi ta Paystack ko Flutterwave ka tabbata akawun ɗin da sunansa da takardunsa aka buɗe, kuɗin cinikinsa kar ya bi ta hannunka ko na minti ɗaya.

Upwork da Fiverr, shafukan neman aiki a intanet da na san za ka tambaya, ana samu, amma ba wajen sabon shiga ba ne kamar yadda ake zuzutawa, kana gogayya da mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladash masu ɗaruruwan shaidar aiki, Fiverr na cire kashi 20 na duk abin da ka samu, Upwork kuma sai da abin da suke kira connects, wani tikiti da yawanci saye ake yi, kafin ka nemi aiki. Ka fara cin kasuwar da ka fi su sani, wadda za ka iya zuwa shago ka gaisa da Hausa ka ɗauki hoto da kanka, in ka tara aiki biyar shida masu kyau sai ka leƙa can.

Gobe in Allah Ya kai mu ka zauna ka fitar da jerin nan biyu daga hirarku, ka turo min in duba kafin ka je wajensa, kuma ka gaya min domen ɗin makarantar da sunan wa aka yi rajistarsa da kuma wa ya biya hostin, don yadda za ka yi masa magana ya danganta da wannan.